Sunan kira da sunan takarda: yadda jami'o'i ke sauya wa ɗalibi suna, da halin da mata-maza ke ciki a Kamaru da Chadi

Ɗalibin da ya tashi daga Garwa, Marwa, Ngaundere ko Njamena ya tafi karatu Faransa, Jamus ko Kanada a 'yan shekarun nan, da wuya bai ci karo da wani gurbi a takardar rajista ba wanda babu irinsa a namu takardun. Bayan gurbin sunan da ke cikin fasfo, sai ga wani yana tambayar da wane suna kake so a kira ka. A Faransa ana ce masa prénom d'usage. Wasu yaranmu suna tsallake shi, wasu suna rubuta laƙabin gida, wasu kuma da suka ji dalilin buɗe gurbin sai su bugo waya gida suna cewa abin Turawa ya kai har jami'a na sauya wa mutum jinsi. Jami'a ba ta da wannan ikon. Ko suna ma ba ta iya sauya wa mutum a idon hukuma. Abin da ke hannunta ya fi haka ƙanƙanta, amma ga wanda ya shafa babba ne, kuma akwai ɓangarensa da ya taɓa mu kai tsaye a arewacin Kamaru da Chadi, duk da cewa ba ma son zancensa.

A fara da yadda suna ke yawo a cikin jami'a. Ranar rajista sunan ɗalibi yana shiga rumbun kwamfuta guda, daga nan kowane ofis yake ɗiba: takardar kiran suna da malami ke riƙewa, katin ɗalibi, adireshin imel, shafin karatu ta intanet, katin laburare, jerin masu ɗakin kwana, sakamakon da ake liƙawa a allo, har zuwa takardar digiri. Idan sunan bai dace da mutumin da ke tsaye a gabanka ba, to bayanin ba na rana ɗaya ba ne. Zai yi wa mai gadi a bakin ƙofa, zai yi wa mai sa ido a ɗakin jarrabawa, zai kuma yi a gaban ɗaruruwan ɗalibai duk lokacin da sabon malami ya ɗaga takarda ya kira suna.

Dabarar da jami'o'in waje suka fito da ita ita ce raba rumbun gida biyu. Sunan hukuma yana nan a ajiye, ba a goge shi, sai dai ma'aikata ƙalilan ne ke ganinsa. A samansa ake ɗora sunan kira, shi ne ke fitowa a duk inda doka ba ta tilasta a sa na hukuma ba. Jami'ar Vermont da ke Amurka tana cikin waɗanda suka fara: a 2009 ta gyara manhajar rajistarta yadda ɗalibi zai shigar da sunan da yake so, ya kuma nuna ko "shi" za a ce masa ko "ita", bayanin ya wuce kai tsaye zuwa takardar da malami ke gani. Daga baya jami'o'i da yawa suka bi sahu. Ba masu sauya jinsi kaɗai ke amfani da gurbin ba. Wanda ya musulunta ya ɗauki sabon suna yana amfani da shi, haka baƙon da malamai suka kasa furta sunansa, haka wanda duk rayuwarsa da sunansa na biyu aka san shi.

Wannan rabon bai kamata ya zame wa Bahaushe baƙon abu ba. Yaron da aka yi wa huɗuba da sunan kakansa babu mai kama sunan a gidan, Abba ne ko Baffa har ya yi furfura. Yarinyar da aka haifa ranar Lahadi tana iya ƙare rayuwarta a Ladi, sai ranar ɗaurin aure liman ya ambaci sunan yanka wasu su waiga suna tambayar wa ake nufi. Sunan yanka bai ɓace ba, kuma babu mai cewa an yi ƙarya.

Inda sunan kira ke tsayawa shi ne inda kuɗi da gwamnati suka shigo. Tallafin karatu, albashin ɗalibin da ke aiki, inshorar lafiya, biza da katin zama a ƙasa, duk suna bin fasfo ko katin ɗan ƙasa. Takardar digiri ce ake ta ja-in-ja a kanta, domin ita ce ke fita daga harabar jami'a ta bi mutum har tsufansa. A 2020 Jami'ar Kalifoniya ta fitar da tsarin da ya tilasta wa dukkan rassanta su ba da zaɓi uku, mace, namiji, da wanda bai ɗauki kansa ko ɗaya ba, su kuma yi aiki da sunan da mutum ke rayuwa da shi, aka ba su wa'adi zuwa ƙarshen 2023. A 2021 majalisar jihar ta yi dokar da ta ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati damar a rubuta sunan da suka zaɓa a kan digiri ko da ba su sauya shi a kotu ba. Ga ɗan ƙasar wannan sauƙi ne. Ga ɗanmu da ya je karatu tarko ne, kuma ina so iyaye su ji wannan da kyau. Digirin da sunansa ya saɓa wa na takardar haihuwa zai maƙale a hukumar da ke tantance karatun waje a Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi a Yawunde, zai kuma maƙale a duk gasar neman aikin gwamnati. Yaron da ya rubuta Abba a gurbin sunan kira alhali fasfonsa Ousmanou ke ciki, ya tabbatar kafin ranar yaye ɗalibai cewa Ousmanou ne zai fito a takardar.

Tsarin Faransa ya fi kusa da namu, tun da daga can muka gaji rajistar haihuwa da jarrabawoyi. Dokar 18 ga Nuwamba 2016 ta ɗauke sauya sunan farko daga hannun alƙali ta mayar da shi ofishin magajin gari, inda mutum zai nuna yana da dalili karɓaɓɓe. Sauya jinsin da ke rubuce kuwa ya ci gaba da zama a kotu, sai dai dokar ta ce ba za a ƙi buƙatar mutum don kawai ba a yi masa tiyata ko ba shi magani ba. A 2019 ministar ilimi mai zurfi ta lokacin, Frédérique Vidal, ta rubuta wa shugabannin jami'o'i tana neman su sauƙaƙa amfani da sunan kira a takardun cikin gida, kamar katin ɗalibi da takardar kiran suna. Digiri kuwa na ƙasa ne, don haka yana bin rajistar haihuwa. Idan mutum ya sauya sunansa a hukumance yana iya neman a sake buga masa digirin da sabon suna. Jinsi na uku kuma Faransa ta ƙi shi. Kotun ƙolinta ta yi watsi da buƙatar wani mata-maza a watan Mayu 2017, kuma a Janairu 2023 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam ta ce Faransa ba ta karya doka ba da ta ƙi. Jamus ta bi wata hanya: tun ƙarshen 2018 akwai gurbi na uku a rajistarta, kuma daga 1 ga Nuwamba 2024 mutum na iya sauya suna da jinsi ta hanyar sanarwa a ofishin rajista, bayan ya ba da sanarwar wata uku, ba zai kuma sake sauyawa ba sai bayan shekara guda. A Amurka kuma guguwar ta juya: a ƙarshen 2021 aka fara ba da fasfo mai alamar X a gurbin jinsi, a 20 ga Janairu 2025 Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ya ce gwamnatin tarayya jinsi biyu kawai ta sani. Wanda ya ce "Turawa sun yarda da kaza" bai faɗi komai ba tukuna sai ya ambaci wace ƙasa da wace shekara.

Takardun jami'o'in nan kan jera rukuni uku a layi ɗaya, mu kuma a bakin titi muna tara su mu kira su duka 'yan daudu. Duka biyun suna ɓoye bambanci mai girma. Mai sauya jinsi mutum ne da aka haifa da jikin namiji ko na mace ba tare da shubuha ba, amma a ransa yake jin shi ɗayan ne, yake kuma son a san shi a haka. Rukuni na biyu su ne waɗanda ba sa ɗaukar kansu maza ko mata. Na uku, mata-maza, maganarsu ta jiki ce: an haife su da halittar da ba ta faɗa sosai cikin ta maza ko ta mata ba, ko a al'aura, ko a kayan ciki, ko a ƙwayoyin gado, ko a sinadaran jiki. Ba zaɓi suka yi ba, ba kuma daga Turai abin ya zo ba. Ungozomomin unguwar Hausare a Garwa sun san shi tun kafin a gina jami'a ko ɗaya a yankin nan.

Yawansu ya danganta da inda aka ja layi. Masaniyar halitta Anne Fausto-Sterling ta tara kowane irin bambanci ta ce sun kai kusan mutum 17 cikin 1,000. Likita Leonard Sax ya taƙaita ga waɗanda jikinsu ya saɓa a fili ya ce ba su kai 2 cikin 10,000 ba. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, a yanki mai miliyoyin mutane kamar namu ana maganar ɗaruruwan rayuka ne.

Yadda suna ke shiga matsalar sai an dubi jikin. Akwai jaririya mace wadda wata halitta da ke saman ƙodarta ke fitar da sinadarin maza fiye da kima tun tana ciki, sai a haife ta da al'aura mai kama da ta namiji, a yanka rago a raɗa mata sunan maza. Wani nau'in wannan larurar yana sa jariri ya riƙa zubar da gishirin jikinsa, kuma yana iya kashe shi a makonnin farko idan ba a gano ba, don haka ɓoyewa a ɗaki ba kunya kaɗai take karewa ba, rai take ci. Akwai kuma jariri namiji wanda jikinsa ba ya iya sarrafa sinadarin maza yadda ya kamata kafin haihuwa, sai ya fito da kamannin mace, a raine shi a mace, a sa masa hijabi, sai lokacin balaga murya ta buɗe, ƙirji ya faɗaɗa, gemu ya tsiro. Akwai wadda ƙwayoyin gadonta na maza ne amma jikinta ba ya jin sinadarin ko kaɗan. Wannan mace ce a siffa da tarbiyya, sau da yawa sai an ga ba ta fara al'ada ba ake zuwa asibiti, kuma galibi ba ta da buƙatar sauya suna. Mata-maza da yawa haka suke, suna zaune lafiya da sunan da aka raɗa musu. Waɗanda maganar ta shafa su ne waɗanda hasashen ranar haihuwa ya zo ya saɓa wa abin da jiki ya nuna daga baya.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Malaman fiƙihu sun kira shi khunsa, sun raba wanda alamominsa suka bayyana da wanda ya rikice, sun yi maganar gadonsa da sahun sallarsa da wankan gawarsa. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu daga Ngaundere har Abeshe, da mas'alar khunsa ya rufe: idan ya rikice ana ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace, idan kuwa alama ta bayyana, ta wurin fitsari ko gemu ko nono ko haila ko maniyyi, to rikici ya kau. Abin lura a nan shi ne mafi yawan alamomin sai an balaga suke fitowa. Wato malamai sun san cewa hukuncin ranar suna na iya sauyawa bayan shekara goma sha. A 1989 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta hana tiyatar sauya jinsi ga wanda halittarsa ta cika a namiji ko mace, ta kuma halatta wa khunsa magani da tiyata don a bayyana abin da ya rinjaya a jikinsa. Sauya suna shi kansa ba laifi ba ne: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da Barra ta zama Zainab, ya mayar da Asiya mai ma'anar saɓo ta zama Jamila. Abin da Alƙur'ani ya tsare shi ne nasaba, a kira mutum da sunan ubansa, kuma babu tsarin jami'a da ke neman a taɓa wannan.

To limamin unguwa zai iya tabbatar wa iyaye cewa ɗansu namiji ne, likita ya sa hannu, dangi su karɓa, amma takarda ta ƙi. A ɗauka an haifi jariri a wani ƙauye kusa da Mora, aka rubuta shi mace a takardar haihuwa, wadda kowa a nan ke kira akt, aka sa masa Hadidja. Daga akt ɗin aka kwafi sunan zuwa takardun jarrabawa, farko CEP, daga nan zuwa BEPC, zuwa Probatoire, zuwa Bak, zuwa katin ɗan ƙasa. Kowace takarda shaidar ta bayanta ce. Ranar da ya isa ofishin rajista a Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, ko ta Garwa da aka kafa a 2022, ko ta Ngaundere da ke Dang, saurayi ne mai gemu riƙe da fayil ɗin budurwa. Ma'aikacin da ke bayan taga ba mugu ba ne idan ya ce ba zai iya ba. Aikinsa ya duba ko sunan Bak ya dace da na akt, kuma ya dace.

Hanyar gyara tana wajen jami'a. A Kamaru, tsohuwar dokar rajistar jama'a ta 29 ga Yuni 1981 ta ɗora gyaran akt a kan hukuncin kotu, ba a kan ra'ayin magatakardan ofishin magajin gari ba. Sauya suna kuma yana ƙarƙashin dokar 14 ga Yuni 1969, inda buƙata ke bi ta Ma'aikatar Shari'a, a sanar da jama'a, a jira ko akwai mai ƙorafi, sannan gwamnati ta fitar da umarni. Kafin alƙali ya saurari mutum sai da takardar likita, kuma gwajin sinadarai da na ƙwayoyin gado ba a kowane asibiti ake samun su ba. Ga talakan da ke Arewa Mai Nisa wannan na nufin mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, masauki, kuɗin gwaji, kuɗin lauya. Bayan hukunci ya fito sai a koma ofishin magajin garin da aka haife shi, sai hukumar Bak, sai ofishin katin ɗan ƙasa, inda duk wanda bayanansa suka sauya ke fuskantar zargin yana da shaida biyu. Wannan a yankin da yara da yawa ke kaiwa ajin ƙarshe na firamare ba su da akt ɗin ma gaba ɗaya, sai an nemo musu hukuncin kotu a guje kafin jarrabawa.

Akwai kuma tsoro, kuma tsoron yana da tushe. Sashe na 347-1 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar ga masu tarayya da jinsi ɗaya, Chadi ma ta sa irin wannan a sashe na 354 na kundinta na 2017. Waɗannan sassan ba su ambaci mata-maza ba, ba su ma ambaci sutura ko suna ba. Amma a watan Mayu 2021 wata kotu a Duwala ta yanke wa wasu masu sauya jinsi biyu ɗaurin shekara biyar bayan an kama su a gidan abinci sanye da kayan mata. Jami'in da ke shingen hanya tsakanin Marwa da Kusiri ba likita ba ne. Kati yake gani da fuska, idan suka saɓa zargi biyu ne ke zuwa masa, ko katin sata ne ko kuma abin da sashen can ya hana. Shi ya sa da yawa daga masu wannan larurar ba sa zuwa kotu, ba sa zuwa jami'a, sukan bar karatu a daidai shekarun da jikinsu ya fara sauyawa, su koma wani gari inda ba a san su ba. Wannan asarar tana ci mini rai, domin yaro ne da ya ci jarrabawarsa da guminsa kuskuren alƙalami ya raba shi da ita.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga yadda wata ƙasa ta taɓa batun. A Kenya wata mai sauya jinsi, Audrey Mbugua, ta kai hukumar jarrabawa ta ƙasa ƙara, kuma a Oktoba 2014 babbar kotu ta umarci hukumar ta sake ba ta takardar kammala sakandare da sabon sunanta, ba tare da alamar jinsi ba, bisa hujjar cewa dokar hukumar ba ta wajabta sa alamar ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2019. A shekarar ce kuma Kenya ta ƙirga mata-maza a ƙidayar jama'a, ta samu 1,524, sannan dokar yara ta 2022 ta ambace su da sunansu. A 2023 Hukumar Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka ta zartar da ƙuduri mai lamba 552 tana kira ga ƙasashe su kare mata-maza, har da ba su damar gyara jinsin da ke takardunsu. Kamaru da Chadi duk suna ƙarƙashin wannan hukumar.

Masu adawa da buɗe irin wannan ƙofa a jami'o'inmu suna da hujja ɗaya mai nauyi, ita ce maguɗi. Mun san ana rage shekaru a akt, mun san ana shiga jarrabawa a madadin wani, mun san akwai digirin bogi. Duk wanda ya yi aiki a ofishin rajista zai ce maka sassauci a kan suna ƙofar ɓarayi ce. Amsar ita ce tsarin suna biyu, idan an yi shi daidai, yana ƙara tsaro ne. Abin da ke riƙe ɗalibi a rumbu lambar rajistarsa ce da hotonsa, ba sunan da malami ya kira ba. Sunan hukuma yana nan a ƙasa, kowane sauyi yana da rana da sa hannun wanda ya yi shi. Maguɗi ya fi samun wuri a halin da muke ciki yanzu, inda babu rubutacciyar hanya, sai wanda ya san wani ya je ya roƙa a asirce, a gyara masa ko a ƙi gwargwadon fuskar da ya tarar.

Hujja ta biyu ita ce idan aka buɗe wa mata-maza, masu sauya jinsi za su biyo baya. A nan sai a faɗi gaskiya: jami'ar gwamnati a Marwa ko Njamena ba za ta ɗauki tsarin Kalifoniya ba, dokar ƙasa ba ta ba ta wannan filin ba, jama'ar da take yi wa aiki ma ba su ba ta ba. Malaman Sunna da muke bi sun bambanta mas'alolin biyu, kamar yadda hukuncin Makka ya nuna, ko da yake a Iran fatawar Khumaini ta halatta tiyatar tun shekarun 1980. Amma tsoron mas'ala ta biyu ba dalili ba ne na zaluntar mai mas'ala ta farko, wanda shari'a da likitanci suka haɗu a kan haƙƙinsa. Shi ma mai sauya jinsin, duk yadda mutum ya ɗauki lamarinsa, ɗan wani ne, kuma jininsa da mutuncinsa ba su halatta ga kowa ba. Babu malamin kirki da ya ce a tara ɗalibai a yi masa ihu, ko a ɗauki hotonsa a watsa a WhatsApp, ko a yi masa duka a bayan ɗakin kwana. Ɗanmu da ke karatu a waje kuma ya sani cewa a jami'o'i da yawa, nacewa da gangan a kan kiran abokin karatu da tsohon sunansa, ko tona asirinsa ga wasu, tsangwama ce da ake ladabtarwa a kanta, kuma baƙo mai katin zama na shekara guda shi ya fi kowa abin asara. Ba a nemi ya sauya aƙidarsa ba. An nemi ya kira mutum da sunan da ke takardar aji.

Abin da jami'o'inmu za su iya yi ba ya buƙatar majalisa. Cibiyar lafiya ta jami'a tana nan, likitanta na iya karɓar takardun asibiti ya riƙe su a wurinsa, ya aika wa ofishin rajista layi ɗaya cewa buƙatar tana da tushe, ba tare da bayanin jikin mutum ya zagaya ofisoshi ba. Babu dalilin da zai sa magatakarda ko shugaban sashe ya nemi ganin hoton asibiti, balle a ce a tuɓe ɗalibi don a tabbatar. Ofishin rajista na iya sa sunan kira a katin ɗalibi da takardar aji, ya bar na akt a kan sakamako na hukuma har kotu ta yi magana. Sakamakon da ake liƙawa a allo ana iya fitar da shi da lambar rajista, wannan ma zai rufa wa duk wanda ya faɗi asiri. Ɗakin kwana a duba shi da mutumin, ba a yanke masa daga nesa ba. Idan hukuncin kotu ya fito, a sake buga digiri da sabon suna ba tare da an rubuta tsohon a gefe ba, domin takardar da ke ɗauke da sunaye biyu tana tona asirin mai ita a gaban duk wanda ya nemi aiki a wurinsa.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne ɗalibin Chadi, kuma suna da yawa a Ngaundere da Marwa. Akt ɗinsa na Chadi ne, kotun Chadi ce kaɗai za ta gyara shi. Katinsa da fasfonsa daga hukumar ANATS suke fitowa, Bak ɗinsa daga ONECS a Njamena, karatunsa kuma yana Kamaru. Dole ya tsallaka gadar Ngeli ya bi waɗannan ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana jiran takardar na gabansa, sannan ya dawo da su Dang a sake tantancewa. A duk tsawon wannan lokacin zangon karatu na tafiya, ana kiran suna a aji, ana duba kati a ƙofar ɗakin jarrabawa. Kotu ba ta da abin da za ta yi masa a wannan tsakanin, ma'aikatar da ke Yawunde ko Njamena ma haka. Shugaban jami'a ne kaɗai ke da ikon rufe wannan giɓin, da takardar umarni ta cikin gida da za ta faɗi ofishin da ɗalibi zai nufa, takardun da zai kawo, mutanen da aka yarda su ga fayil ɗinsa, da kwanakin da za a ɗauka kafin a ba shi amsa.